Tabon da ke Wuyan Hairat

Tun kafin Issoufou ya cire takalminsa Yaya Balkissa ta ce ya zauna, akwai magana. Bai razana ba, don ita Balkissa ba ta da ƙaramin labari. Da muryar da take sanar da rasuwa, da ita take sanar da miya ta ƙone.

Ta ce jiya Hairat ta zo kitso. Hairat ɗin da za a ɗaura musu aure ita da Issoufou bayan Babbar Sallah, saura wata uku. Da yarinyar ta cire ɗankwali ta sunkuyar da kai, sai ga tabo a wuyanta, gefen hagu, ƙarƙashin muƙamuƙi, ja-ja baƙi-baƙi, faɗin babban yatsa.

"Na tambaye ta, wai sauro ne. Sauro a watan Maris, Issoufou? A nan Sterling, da sanyin ƙasar Turawa?"

"Yaya, ki ji tsoron Allah."

"Tsoron nasa ne ya sa na gaya maka kai kaɗai, ban kira Baba ba tukuna. Ni matar aure ce, na san irin tabon nan..."

Ya miƙe ya fita ko ruwa bai sha ba. A mota ya yi ta jin haushin yayarsa, ya ce a ransa bakinta ne kawai ba ya hutawa. Amma kafin ya kai gida maganar ta riga ta shige shi.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne aikinsa. Gadi yake yi a wata cibiyar ajiyar bayanan kwamfuta kusa da filin jirgi, wuni guda yana zaune gaban allunan kyamara yana neman abin da bai yi daidai ba. Mutumin da aka koya wa wannan, in ya juya idon kan budurwarsa, ai sai dai Allah ya kyauta. Nan da nan ya fara tuno abubuwa. Duk Asabar wayarta a kashe take daga hantsi har azahar, in ya kira mahaifiyarta sai ta ce Hairat ta tafi karatu, ta yi sauri ta sako zancen sanyi. Ba ta taɓa bari ya buɗe bayan motarta ba, ko kayan cefane ne gara ta jibge su a kujera. Ga wani Gregory da sunansa ya sha fitowa a wayarta, ta kife ta tana murmushi.

Ranar Juma'a ya kai ta cin abinci. Ya zuba mata ido, ita ko sai hira take da Hausarta ta 'yan nan, rabi Hausa rabi Turanci, wadda a da take ba shi dariya. Gyalenta a naɗe yake tsaf har haɓa. Ya tambaye ta ko za su fita ran Lahadi, ta ce tana da wani abu a makaranta, ta kuwa ƙi haɗa ido da shi. Yana sonta kamar ransa, shi ya sa ya ture farantin bai ci ko rabi ba.

Ran Lahadi ya yi abin da bai taɓa zaton zai yi ba. Ya ari motar abokinsa, ya laɓe a ƙarshen layinsu, da ta fito ya bi ta. Har garin Springfield. Kunyar kansa yake ji, amma ƙafarsa ba ta bar totur ba.

Ta tsaya a bayan wani babban zaure. Ta buɗe bayan motar nan da ake hana shi taɓawa, ta ciro wani dogon baƙin akwati ta rataya. Wani dattijon Bature mai furfura ya tare ta a ƙofa, ya dafa ƙirji ya ɗan rusuna mata, suka shige. Issoufou ya daɗe a mota yana huci kafin ya zagayo ta gaba, inda mutane ke shiga da 'ya'yansu cikin kwat. Wata mata ta miƙa masa takarda. Yana dubawa ya ga hoton Hairat da gyalenta, da sunanta da na mahaifinta baƙi da fari. Takardar ta ce ƙungiyar makaɗa ta matasa ce za ta yi kiɗan ƙasar Poland, Gregory ne jagoransu, wato dattijon nan, Hairat kuma ita ce baƙuwar da za ta tsaya gaba ita kaɗai da goge.

Goge!

Ya zauna a kujerar baya. Matasa kusan saba'in suka cika dandamali cikin baƙaƙen kaya. Sai ga Hairat ta fito cikin doguwar riga koriya, gogen Turawa a hannunta. Ta ɗora shi a kafaɗar hagu, ta danne shi da muƙamuƙi, daidai wurin da Balkissa ta kwatanta. Issoufou ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ashe katako ne ya yi tabon.

Bai san komai game da Poland ba, ko a taswira sai ya lalubo. Amma da ta ja sandar a kan tsirkiya, tsigar jikinsa ta tashi. Kiɗan ya fara a hankali kamar mace na rarrashin ɗa, makaɗan suna amsa mata, can ya zabura da gudu, yatsunta na hagu suna tsalle har ido ba ya iya binsu. Idonta a rufe. Bai taɓa ganin fuskarta haka ba, shi da yake cewa ya san ta ciki da waje.

Da kiɗan ya tsaya, ya miƙe tsaye ya hau tafi da iyakar ƙarfinsa.

Shi kaɗai. Wa ya gaya masa kiɗan kashi uku ne, kuma a al'adarsu ba a tafi sai an kai ƙarshen na uku? Zauren ya yi tsit, kawuna suka juyo, wata tsohuwa ta ɗora yatsa a leɓe. Hairat ma ta buɗe ido ta dubi bayan zaure, ta gan shi tsaye da hannuwa a sama. Ya ga gogen ya ɗan girgiza a kafaɗarta. Ta gyaɗa wa jagoran kai, aka ci gaba.

Bayan an tashi ya same ta a wajen motarta, furanni a hannu ɗaya, akwatin a ɗaya. Ba ta yi murmushi ba.

"Wa ya gaya maka ina nan?"

Ya so ya yi ƙarya, bakinsa ya ƙi. Ya faɗa mata komai, kitson, da tabon, da Gregory, da motar aro. Tana ji hawaye na zubo mata, ba ta share ba.

Ta ce tun tana shekara tara ta fara a makaranta, yanzu tana da ashirin da ɗaya. Mahaifiyarta ta bar ta, amma bisa sharaɗin kada 'yan gida su ji, don a wurinsu mai goge ɗan bori ne ko ɗan gidan giya. Da aka sa rana kuwa, uwar ta ce ta rufe bakinta, surukinta limami ne a Maraɗi. Ita kuma tsoro ya hana ta gaya masa, kada ya ce ta zaɓa tsakaninsa da gogen.

"Shekara goma sha biyu, Issoufou, ba wanda ya taɓa zuwa daga gida ya ji ni. Da na gan ka tsaye kana tafi, na ce yau nawa ya zo... Ashe kama ni ka zo yi."

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Ya ce ta yafe masa. Ta ce yafiya ba wuya, ita ma ta ɓoye masa, amma ya sani ba za ta ajiye gogen ba, kuma ta gaji da ɓoyo. In gogen ba zai shiga gidansa ta ƙofar gaba ba, to ita ma ba za ta shiga ba.

Ya ciro waya a gabanta ya kira Balkissa, ya buɗe lasifikar wayar yadda Hairat za ta ji.

"Yaya, tabon nan na goge ne. Hairat goge take kaɗawa, yanzu na fito daga wurin."

Balkissa ta ja salati.

"Goge? Surukar Liman? Wallahi in Baba ya ji, ba zai ɗaura auren nan ba. Ka ce ta daina tun kafin a ji, ni zan rufe bakina."

Hairat ta sunkuyar da kai, ta ƙanƙame akwatin a ƙirjinta. Issoufou ya tuna fuskar mahaifinsa, wanda bai taɓa yi wa musu ba tunda aka haife shi. Ya kuma dubi yarinyar nan da ya zarga da abin da ba ta yi ba.

"Kada ki rufe, Yaya. Ni zan kira Baba da kaina, yau. Zan gaya masa abin da na gani, in roƙe shi har ya yarda, ko shekara nawa za a yi. Amma ba zan ce ta daina ba."

Ya kashe wayar. Ya miƙa hannu zai karɓi akwatin, ta ɗan ja baya, don ba ta taɓa bai wa kowa shi ba. Ta daɗe tana kallonsa da jajayen idanu kafin ta sake shi.

"A hankali, masoyina," ta ce. "Kujerar gaba za ka sa shi. Ya gaji da zaman baya."