Muryar Inna a Baƙin Allo

Ranar da Habsatu ta shigo rumfar gyaran Sanusi a Wadata, rungume take da ordinater, wato kwamfuta. Ta kunna, allon ya tsaya baƙi ƙirin.

"Ta Babanmu ce, bai san na ɗauko ba. Muryar Innarmu na ciki, addu'ar da ta ɗauka kafin ta rasu, wai a sa ranar aurena. Duk inda na kai sai su ce a goge komai."

Sanusi ya tada na'urar da kilensa na USB na gyara, ya buɗe allon da ake rubuta mata umarni, ya sa chkdsk, umarnin binciken faifai, ya ce aikin zai ɗauki kwanaki. Kullum Habsatu na zuwa dubawa, hira na tsawo, har ya fara ce mata Habsina.

Da bincike ya ƙare, ya zaunar da ita ya faɗa mata.

"Muryar na nan, sai dai faifan ya gaji, ya ƙi a kwafa. Sai na goge ɗan ɓangaren da ke tada na'urar, in gina sabo da bcdboot. In na kuskure lamba, Inna ta tafi. Ba zan danna ba sai Baba na nan."

"So kake ya kore ni daga gida?" Ta fita tana kuka.

Ya aika mata: "Habsina, gara ki yi fushi da ni da in taɓa muryar Innarki a ɓoye."

Sai bayan kwanaki amsa ta zo: "Na faɗa masa. Gobe zai zo. Tsoro nake ji maka."

Malam Halidu, mahaifin Habsatu, ya iso daga unguwar Lamordé, fuska a ɗaure.

"Kai ne ka bar karatu a lakwal kake kiran 'yata? To danna. In ta ɓace, kada in ƙara jin sunanka."

Sanusi ya karanta lambar, ya sake karantawa, ya yi bismilla ya danna. Na'urar ta mutu, ta tashi, allon ya yi haske. Sanusi ya kunna muryar Inna.

"Habsatu, 'yata..."

Malam ya tsayar da muryar, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Da ka danna a ɓoye, da ban taɓa sani ba. Turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure aka sa muryar har ƙarshe. Inna ta roƙa wa 'yarta miji mai riƙon amana, gida ya amsa da amin. Habsatu ta raɗa wa angonta, "Mai gyarana, yau kuma hannunka rawa yake."

"Riƙe mini shi," ya ce.

Allah ya ba su zaman lafiya.