Kunamu Uku a Bayan Katanga

A wani gari, can da daɗewa, an yi wata mata mai son tsafta. Wata safiya tana shara ta ɗaga tulu, sai ga kunama! Ta ture ta cikin kasko, ta wurga ta bayan katanga, gidan maƙwabciyarta. Ta ɗaga tabarma, ga wata! Ta wurga. Ta ɗaga itacen girki, ga wata! Ta wurga.

Tana cikin murna, sai ta jiyo dariyar ƙaramar 'yarta daga gidan maƙwabciyar, daidai gindin katangar.

Ta fita a guje, ko takalmi babu, tana ihu: "Maƙwabciya, ɗauke yara daga nan! Kunamu uku ne, ni na wurgo su!"

Maƙwabciya ta sure yaran cak. Matan biyu suka kwashe tarkace, suka toshe ramuka, suka koro kaji. Kaji suka yi ta caccaka har suka cinye duka ukun.

Matar ta sunkuyar da kai ta ce, "Ki yafe mini."

Maƙwabciya ta yi dariya. "Na yafe. Ɗauko tsintsiyarki, gidan tsohuwar da ke bayanmu ya rage!"