Bidiyon Sunan Tanimu

A wani gari an yi wani mai haɗa bidiyo mai taurin kai. Aka kawo masa bidiyon sunan wani jariri, Tanimu, ya gyara.

Abokin sana'arsa ya ce, "Malam, danna madannan nan biyu na kibod, nan take ka yanke."

Ya ce, "Linzamin kwamfutata ya ishe ni."

Ya ja linzami, ya nema, ya yanke. Gobe ma ya ja, ya nema, ya yanke.

Ran nan wani mai gemu ya yi sallama. "Baba, ni ne Tanimu. An gama? Amaryata ke son gani."

Ya ce, "Zauna, ɗana. Ai har na kai wajen rabon goro."