Kwalba ta Tara

Da safiyar Alhamis aka gano cewa ruwan da ke cikin kwalba ta tara ba na rijiya ba ne.

Ɗaliban kimiyya ne suka ɗebo ruwan rijiyoyi goma sha biyu daga unguwar da ke bayan jami'a, saboda gudawa ta addabi yaran wurin. Ranar Asabar za su koma su gaya wa mutane abin da suka gani. Kwalabe sha ɗaya sun nuna datti. Ta tara kuwa fes take, ko ɗigon gishiri babu.

"Babu rijiyar da ke ba da irin wannan ruwan," in ji Farfesa. Ya juya ga Auta, ɗalibar da ke riƙe da littafin aikin. "Ke kika auna, ke kika sa hannu. In ban ji bayani zuwa gobe ba, zan cire sunanki, ki maimaita shekara."

Auta ta buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa.

Inna, mai wanke kwalaben ɗakin gwaji, tana bakin famfo tana ji. Ba ta iya karanta abin da na'ura ke rubutawa ba, amma shekararta goma sha ɗaya a ɗakin. Ta goge hannu, ta nufi wurin maigadi.

"Baba, wa ya shigo jiya bayan na tashi?"

"Wani mai rijiya ya zo yana tambaya ko rufe musu za a yi. A bakin ƙofa na tsayar da shi. Ko kina zaton barci nake?"

"Wane ni! Zama dai na gani."

Ta koma ta shinshina kwalbar. Da baƙo ne ya canza ruwan, na famfo zai zuba, kuma na famfo yana warin magani. Wannan ba ya warin komai. Ta duba jarkar tataccen ruwan da ake gwaji da shi, ta ga ya ragu da yatsa uku. Ashe ɗan gida ne.

Mutum uku ke da mabuɗi: mai kula da na'urori, Auta, da abokin aikinta Dogo.

Ta fara da mai kula da na'urori. "Oga, jiya ka taɓa jarkar nan?"

"Ni da na wuni a asibiti? Maiɗakina ta sauka, Inna."

"Kai, barka! Allah ya raya."

Ta sami Auta a kan matakala.

"Share hawayenki, 'yata. Wa ya rufe kwalaben ranar da kuka ɗebo?"

"Ni ce, duka sha biyun."

"Da safen nan sun buɗu miki da sauƙi?"

Auta ta ce, "Ban da ta tara. Sai da na sa tsumma."

Inna ta tarar da Dogo a ɗakin gwaji yana goge teburin da ba shi da datti. Farfesa na gefe yana duba takardu.

"Ɗan nan, shekara biyu ina fama da murfin da ka ɗaure. Na Auta da yatsa biyu nake buɗewa, naka sai da tsumma. Ita ta rufe ta tara, amma yau ta ƙi buɗuwa. Wa kake da shi a gidan da rijiyar take?"

Dogo ya zauna a kan kujera.

"Kakata ce. Gida bakwai ke ɗiba a wurinta. Na ji tsoron a ce ita ke sa wa yara ciwo, a rufe rijiyar."

Farfesa ya cire tabarau. "Wa ya ce maka rufewa muke yi? Magani za a zuba, a gyara bakinta, a sa murfi. Da ka tambaya." Ya ja littafin gabansa. "Auta, ki yafe ni, sunanki na nan. Kai kuwa za ka sake wannan darasin. Amma yanzu je ka ɗebo na gaskiya, kuma kai za ka faɗa wa kakarka sakamakon da bakinka."

Ranar Asabar, a gaban mutanen unguwa, Dogo ya ce rijiya ta tara ta fi kowacce datti. Muryarsa na rawa. Tsohuwar ta miƙe tana dogara sanda.

"To, mijina, ka daina kyarma. Nuna min yadda ake zuba maganin, yara na jiran ruwa."