Ranar Da Yidir Ya Kamo Surukinsa

"Yidir! Wayyo Allah... me ka yi wa Alƙali?"

Saura kaɗan tiren shayi ya suɓuce daga hannun Itto. Saurayinta ne durƙushe a tsakar gidansu, fuska duk yakushi, ya matse Alƙali, zakaran babanta, a hammata. Wuyan zakaran tas, kamar wanzami ya bi ta kai.

"'Yan kaɗan na cira, hasken idona," ya ce yana haki. "Ai za su tsiro..."

"Kaɗan? Ka mai da shi ungulu!"

Duk garin Azru da abu biyu aka san Baba Haddu: kai baƙi kamun kifin tirwit a kogunan kan duwatsu, da wannan zakara. Da gashin wuyansa yake ɗaure ƙudan ƙarya a jikin ƙugiya, kifi ya gani a saman ruwa ya ɗauka ƙwaro ne. Ɗaya-ɗaya yake cira, yana ba zakaran haƙuri.

Shi kuwa Yidir mai gasa burodi ne. Da ya zo neman aure, tsohon ya ce ba ya ba da 'yarsa ga wanda bai san kogi ba. Ya ɗaure ƙudansa da hannunsa, ya kama kifi ranar buɗe kamu, sannan a zauna.

"Wa ya aike ka?" Itto ta tambaya.

"Yaya Mimun ne ya ce Baba zai ji daɗi in na yi da gashin gida..."

Ta cije leɓe. Mimun ɗan baffanta ne, ya daɗe yana zagayenta tana kau da kai.

Sai ga Baba Haddu ya shigo. Ya dubi zakara, ya dubi Yidir, ya yi salati. Ya kwance mayafin wuyansa ya naɗa wa Alƙali.

"Baba, ai ba laifinsa..."

"Hannuna ne ya fige, Baba," Yidir ya tari numfashinta. "Laifina ne."

"Gobe da sassafe mota za ta tashi," in ji tsohon. "Ka zo. Ina so in ga iyakar wautarka da idona, kafin in kore ka."

Washegari suka hau dutse, su huɗu har da Mimun, da baƙi biyu 'yan Kazablanka. Ƙanƙarar kan tsaunuka ta fara narkewa, kogi ya cika yana gudu, sanyinsa kamar ya tsinke yatsa. Yidir ya buɗe akwatin ashana ya nuna wa Itto ƙudansa.

"Ya ki gani?"

"Masoyi... wannan ɗan tsako ne."

"Don babban kifi na yi shi!"

Ta gyara masa riƙon sandar kamun kifi. "Ka kaɗa baya a hankali, ka ɗan jira zaren ya miƙe, sannan ka tura gaba. Ba kwaɓin fulawa ba ne."

Jifan farko ya kama reshe. Na biyu ya cire wa Mimun sabuwar hularsa, kogi ya tafi da ita. Baƙi suka ƙyalƙyale da dariya.

Na uku, zaren ya yi baya bai dawo ba. Yidir ya ji nauyi.

"Na kama! Itto, na kama!"

"Kar ka ja! Yidir, kar ka..."

Ya fizga da ƙarfinsa duka. Ashe ƙugiyar ta maƙale ne a hular jallabiyar Baba Haddu, shi kuwa yana tsaye a kan dutse mai santsi. Sai ji aka yi tsundum!

Dariya ta ɗauke. Dogon wandon robar da tsohon ya sa ya cika da ruwa, yana jan sa ƙasa.

"Baba!" Itto ta ƙwalla ƙara.

Mimun ya tsaya a gaɓa yana kwance agogo. "Baffa, ka riƙe numfashi! Gani nan, bari in cire takalmi!"

Yidir bai cire komai ba. Ya yar da sanda ya faɗa. Ya nutse, ya taso, ya sake nutsewa, ya taso da wuyan rigar tsohon a hannu ɗaya, ɗayan ya cafki saiwar bishiya. Itto ta shiga ruwa har ƙugu, ta miƙa masa ƙotar koma, baƙi suka riƙe ta ta baya. Da ƙyar aka jawo su.

Aka hura wuta. Tsohon da Yidir suka zauna cikin bargo ɗaya, haƙoransu na kaɗawa, Itto na ɗura musu shayin na'ana'a tana share hawaye. Baba Haddu ya gutsiri burodin da Yidir ya kawo, ya daɗe yana tauna.

"Kai. Ka iya ruwa?"

"A'a, Baba."

"To uban me ya kai ka?"

"Ni na kamo ka, Baba... ai ba na bari ka tsinke ba."

"Baffa, ka ji ko?" Mimun ya zabura. "Jiya zakara, yau ranka! Ni fa da wasa na ce masa ya fige, ban san dolo ne..."

Ya toshe baki da hannu. Kowa ya zuba masa ido.

"Kai ka ce masa?" Tsohon ya ajiye kofi. "Madalla. Tunda ba ka gama cire takalmin ba, mayar da shi. Da ƙafa za ka koma gida."

Da Mimun ya ɓace cikin bishiyoyi, Baba Haddu ya juyo.

"Sharaɗina kifi ne, ba ka kama ba."

Itto ta kama hannunsa. "Baba, don Allah..."

"Yi mini shiru, 'yar nan. Tun ina saurayi nake kogin nan, ban ga wanda ya kamo abu mai nauyina ba." Ya yi atishawa. "Na ba ka ita. Bayan girbin 'ya'yan itacen ceri a ɗaura. Amma in na sake ganin sanda a hannunka, ni da kaina zan raba auren."

"Na rantse, Baba! Ko muciya ba na taɓawa!"

Itto ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta. Yidir ya matso da murya ƙasa-ƙasa.

"Amaryata... yatsuna sun ƙage, ba na jin su."

"Ƙarya kake."

"Wallahi!"

Ta saci kallon babanta, sannan ta ɗora kofin shayinta mai zafi a tafinsa, ta rufe da hannayenta biyu.

Baba Haddu ya juya yana kallon tsauni, kamar yau ya fara ganinsa.