Ƙofar da Surayya Ta Tare

A Kantin Kwari suka haɗu. Surayya ta je sayen atamfa, idonta ya sauka kan ƙafar mai shagon, ɗaure da tsumma.

"Malam, me ya same ka?"

"Ƙarfen dila ne ya ɗan yanke ni," in ji Hambali. "Likita ce ke?"

"Nas ce, a Sabon Gari. Ka je a wanke maka."

Ina, ɗan kasuwa da taurin kai. Lambarta kawai ya karɓa, kullum sai saƙo: "Nas ɗina, muryarki ma magani ce." Har ya fara zancen turo magabata.

Kwatsam aka kawo shi asibitinsu ranga-ranga, ƙwayar cuta ta shiga jini. Surayya ta ruga ta kira likita.

Da zazzaɓin ya sauka, 'yan unguwarsu ta Fagge suka ɗauka Hambali ya warke. Dakta Ujunwa ta ja Surayya gefe. "Sojojin jikinsa sun yi ta aika wa juna saƙon su taso, har suka kusa hallaka shi. Yanzu saƙon su kwanta ke yawo a jininsa. Garkuwar jikinsa barci take. Ko tari wani ya yi kusa da shi, za mu iya rasa shi."

Ai kuwa sai ga 'yan dubiya, Hajiya mahaifiyarsa a gaba da kular farfesu, tana tari.

Surayya ta tare ƙofa. "Hajiya, ki gafarce ni, ba za ki shiga ba."

Hajiya ta harare ta.

"Ni da ɗan cikina? Tun ba a kawo ki ba? To, ba dai gidana ba."

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Surayya, mahaifiyata kika kora?"

Ta rubuta tana kuka: "Gara ka rayu kana fushi da ni, masoyina."

Tarin Hajiya ya tsananta, aka auna ta, ciwon huhu ne. Ta dubi likitar.

"Da na shiga fa?"



Bayan dukansu sun miƙe, Hajiya da kanta ta matsa wa kawunansa su je neman aure. Ranar da aka kai amarya Fagge, ta riƙe hannun Surayya gam.

"Ni na haife shi, ke kika bar min shi. Allah Ya yi miki albarka, 'yata."