Gidan Zanzaro a Kan Ƙusa

Da hantsi Likita Ramatou ta shigo komisariyar 'yan sanda ta ce an sace baromita a asibitinta da ke bayan garin Magariya.

Insifekta Wakili bai ma san mene ne ba, sai da ta kai shi ɗakin injin da ake gasa ciwon daji da haske.

"Ma'aunin nauyin iska ne," in ji ta. "Da lambarsa ake daidaita ƙarfin hasken. In lambar ta kauce, sai injin ya zuba wa mutum fiye da kima."

A baranda wata dattijuwa daga Waca, Hinda, tana zaune da mayafi a wuya. Da ta ɗage shi, Wakili ya kau da kai. Fatar ta yi baƙi ta saɓule, kuma gobe ma za a sake kwantar da ita ƙarƙashin injin.

Aka kira Sadisu, mai daidaita injin.

"Yaushe rabonka da ma'aunin?" in ji Wakili.

"Jiya da la'asar na bar shi rataye a can, ranka shi daɗe."

Ko ido bai ƙifta ba. Wakili ya matsa jikin bango. A kan ƙusar da ake rataye ma'aunin, zanzaro ya ɗora gidansa na laka, ya bushe ƙayau, har da hudar da 'ya'yan suka fita.

"Wato daga jiya zuwa yau ya yi gini, ya ƙyanƙyashe, ya yaye?"

Wakili ya juyo ya sake tambayar Sadisu.

"Lambar da kake sawa, ina kake samo ta?"

"A waya. Wajen 'yan meteyo, masu hasashen yanayi."

Likita ta dafe ƙirji. "Tasu lissafin bakin teku ce. Mu a tudu muke, iskarmu ba ta kai wannan nauyi ba. Ƙara wa Hinda wuta kake yi."

Nan ya amsa laifinsa. Tun farkon damina baromitar ta suɓuce masa ta fashe, ya jefa ta a masai don tsoron kora. Da likita ta ga wuyan Hinda ta nemi ma'aunin, sai ya ƙago ɓarawo.

Ran Wakili ya ɓaci ƙwarai. "Kana ganin wuyanta kullum, bakinka bai buɗe ba?"

Ya sa masa ankwa, ya tisa ƙeyarsa zuwa mota. Hinda ba ta lura da ankwar ba, ta ɗago da ƙyar ta dubi Sadisu.

"Sannu da aiki, ɗana. Gobe da safe zan zo, ko da azahar?"